Baƙin Dutsen Abzin a Ɗakin Kawu

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Kawu ya koma ranar Laraba da hantsi a gidansa na Tibiri, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba, aka kai shi makwancinsa bayan azahar. Yayan mahaifiyata ne, ciki ɗaya, kuma shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ina cikin aji a Maraɗi aka kira ni. Da alli a hannuna na hau kabu-kabu, ban lura ba sai da na isa ƙofar gidan.

Gidan ya cika har waje. Wani tsohon direba da ya shekara da shekaru yana jigila tsakanin Tibiri da Maraɗi ya tsaya bakin ƙofa don ya gai da Iya, matar Kawu. Ya yi gaisuwar, ya juya zai tafi, sai ya dawo ya ce, "Yanzu wa zai ƙara tsai da ni tsakiyar hanya don ya sauka ya duba gaɓa?" Ya yi dariya, dariyar ta koma masa kuka, ya rufe fuska da hula ya fita. Dangin Iya na Jiratawa suka zo da tulunan ruwa sababbi. Maƙwabta suka riƙa tuna yadda yake gaya wa mutum inda zai haƙa rijiya da inda zai yi asarar ƙarfinsa, kuma bai taɓa karɓar ko goro a kai ba.

Amma ina zaune cikin mata na ji wata tsohuwa ta ce, "Mutumin kirki ne, Allah ya sani. Sai dai duwatsun nan." Wadda ke kusa da ita ta ce, "Ai Allah mai gafara ne." Wallahi na ji zuciyata ta tafasa, amma gidan mutuwa ne, na haɗiye.

Washegari babban ɗan Kawu ya sa aka kira ni bayan rumbu. Alhaji ne, ɗan kasuwa, gidansa yana unguwar Zariya cikin Maraɗi. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗiyar mace, tun muna yara yake ce mini baiwarsa ni kuma in ce masa mai ƙaton kai. Ranar nan bai tsokane ni ba. Ya ce ya sa a kawo buhuna. Gobe Juma'a, da an gama addu'ar uku, zai kwashe duk duwatsun da ke ɗakin mahaifinsa ya zuba su cikin Gulbi. Ya kuma yi niyyar gaya wa malamai su yi wa tsohon roƙon gafara na musamman, don ya mutu da abin da bai kamata Musulmi ya ajiye ba.

Na ce, "Alhaji, ka san abin da bakinka ke faɗi kuwa? In ka faɗi haka gaban malamai, Tibiri duka ta ji. Jikokinsa da wannan sunan za su tashi."

Ya ce, "Ni na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Yana zuba wa dutse ruwa, yana shafa shi, yana yi masa magana. A garin nan kowa ya san mai zuba wa dutse ruwa abin da yake nema. Kin ɗauka don me na kai shi Makka sau biyu?"

Na tsaya ina kallonsa. Mutum ya fi shekara hamsin, furfura a gemu, kuma ashe tun yana saurayi yake ɗauke da wannan a ransa.

To bari in faɗi wane ne Kawu, tunda abin ya kai ga haka.

Kawu bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Allo ya yi, ya yi noma, da yunwa ta matsa wata shekara ya bi masu aikin hanya zuwa arewa. Can wajen duwatsun Abzin ya zama mai fasa dutse, shi da guduma da nakiya. Wani injiniya ɗan Damagaram ya lura cewa in an fasa tudu, sauran ma'aikata inuwa suke nema, shi kuwa Kawu tsayawa yake yana kallon bangon da aka yanke. Injiniyan ya fara gaya masa abin da yake gani. Abin da aka zuba masa cikin kunne a shekarun nan bai zubar da ko ɗigo ba har ya mutu.

Ya dawo gida da akwatin ƙarfe cike da duwatsu da kuma wata ɗabi'a da ta gagari kowa. Duk inda aka yanke tudu don hanya ta wuce, ko aka haƙa ramin burji, sai ya sauka. Direbobi sun san shi. Fasinja su yi ta mita, shi kuwa ya tattare riga ya gangara, ya ɓalle ɗan dutse, ya kai bakinsa ya lasa, ya ɗaga shi wajen rana. Yakan ce, "Katafila ba ta da kunya. Abin da ƙasa ta rufe tun fil azal, ita sai ta yaye mata zane." In aka yi masa maganar lasar, ya ce, "Busasshen dutse maƙaryaci ne. Sa masa ruwa ka ga gaskiyarsa." Mu dai dariya muke. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba.

Bai da yawan magana da manya, amma in ka tambaye shi ƙasa, ka shiga uku, sai tuwonka ya huce. Yana da rowar abu ɗaya kawai, duwatsunsa. Riga zai cire ya ba ka, amma taɓa akwatin nan sai da shi a tsaye.

Faɗanmu da shi ya faru ne shekarar da na fara koyar da darasin halittu da ƙasa a kwaleji. Na zo kan babin duwatsu masu aman wuta, ba ni da ko samfuri ɗaya sai hoton littafi. Sai na tuna da wani ramin burji a gefen hanyar Jiratawa, inda gaɓar ta fito da marmara ja, mai huji-huji, kamar abin da ya ƙone. Na ce shi ke nan, na samu. Na kwashi ajina muka tafi, na kuma gayyaci Kawu don ya ba su labarin aikin hanya. In faɗi gaskiya, ado na kai shi ya yi mini.

Na tsaya gaban gaɓa na buɗe murya. Na ce wa ɗalibai su dubi jan dutsen nan da hujojinsa, wuta ce ta amayo shi daga cikin ƙasa. Suna ta rubutawa. Kawu ya matso a hankali, ya ɓalli guntu, ya lasa, ya murza tsakanin yatsu.

Ya ce, "Madam, wanga bai taɓa ganin wuta ba."

Na ce, "Kawu, a littafi an ce dutsen wuta yana da huji."

Ya ce, "Rariya ma tana da huji. Duba nan. Ga tsakuwa, ga rairayi, tsatsa ce ta kama su. Ruwan sama ne ya yi ta wanke ƙasar nan shekaru ba iyaka, ya tafi da mai taushi ya bar tsatsa, rana ta busar. Hujin nan gurbin abin da ruwa ya ɗauke ne. Duk ƙasar Maraɗi ki bi ta da ƙafa, ba za ki sami wanda wuta ta amayo ba."

Ɗalibai arba'in da wani abu suka fashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce masa, gaban yaran, ni na yi jami'a, shi kuwa ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Ya dube ni, ya jefar da guntun marmarar, ya kakkaɓe hannu, ya hau hanya da ƙafa. Har yau in na tuna bayansa yana tafiya a gefen gudaro, bakin kwalta, riga tana kaɗawa, sai in ji kunya ta rufe ni. Na koma gida na duba littattafai na ga shi ke da gaskiya, amma girman kai rawanin tsiya, wata uku ban taka Tibiri ba.

Shi ya zo. Wata Lahadi da la'asar na ji sallamarsa, ga shi ya sauko daga kabu-kabu da ƙunshi a hammata. Bai ta da maganar ba, ni ma ban ta da ita ba. Ya zauna kan tabarma ya ce in kawo buta. Ya kwance tsumma, sai ga dutse baƙi ƙirin, bai fi dunƙulen hannu ba, amma da na ɗaga na ji nauyinsa kamar ƙarfe. Gefe ɗaya duk huji ne, ɗaya gefen a cure.

Ya ce, "Ɗiyata, ga wanda kike nema."

Ya zuba masa ruwa ya miƙo mini wajen haske. Sai ga wasu ƴan ƙwayoyi kore-kore sun fito cikin baƙin, suna ƙyalli. Da yana bushe ban ga komai ba.

Ranar ya gaya mini inda ya samo shi. Ya ce sun fasa wani tudu a Abzin, da ƙura ta lafa sai bangon ya fito hawa-hawa. Can ƙasa tsohuwar ƙasa ce irin ta kowa. Bisanta wani jan layi, kaurinsa bai fi tafin hannu ba. Bisan jan layin baƙin dutse ya fi tsawon mutum biyu, yana tsaye ginshiƙi-ginshiƙi kamar an jera su da hannu. Can sama kuma ya koma huji-huji. Sai farar toka, sai wani baƙin kuma.

Ya ce, "Baƙin nan da kike gani, ya taɓa gudu kamar kunu. Daga can cikin ƙasa ya taso, inda zafi ke narka dutse, ya sami tsaga ya fito ya malale. Ƙasar da ya hau ya gasa ta, shi ne jan layin. Tambayi Iyarki, ta san yadda yumɓu ke komawa ja in matan Jiratawa sun sa masa wuta. Iskar da ke cikinsa ta taso sama tana neman fita, ya daskare da ita, shi ne hujin, kamar na masa in an soya ta. Na tsakiya ya huce a hankali, yana hucewa yana tsukewa, ya tsattsage. Kin ga lakar Gulbi in ruwa ya janye? Haka, sai dai shi tsagar ta nutsa har ƙasa."

Na ce, "Korayen nan fa?"

Ya ce, "Su tun can ƙasa suka ƙulla, kafin ya fito. Gudajin kunun ke nan." Ya ɗaga yatsa biyu. "Kuma sau biyu wutar ta zo. Ta zo, ta huce, toka ta rufe, ta sake zuwa. Ba wanda ya gani, ba wanda ya ba da labari, amma ga shi a bango. In mutum ya ga haka bai ce tsarki ya tabbata ga Allah ba, to me zai gani ya ce?"

Na yi shekara huɗu a jami'a, ban taɓa jin an yi bayanin nan ya zauna mini kamar ranar ba. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce, "Me kika yi? Tashi ki ba ni hura." Da zai tafi na yi godiyar kyauta, sai ya tsaya. Ya ce, "A'a. Aro ne. Mako ɗaya. Duk na cikin akwati ki zo ki zaɓa, amma wanga gida yake kwana." Ranar da mako ya cika kuwa ya zo da kansa ya karɓa. Na ce a raina tsohon nan da rowa yake.

Wannan shi ne mutumin da ake cewa "sai dai" a kansa. Kuma laifina yana ciki, don na fi shekara goma sha biyar da sanin abin da ke cikin akwatin nan, ban taɓa zama na gaya wa ko mutum ɗaya a dangi ba. Na ɗauka kowa ya sani.

Abin da ban lissafa ba shi ne Alhaji ɗan fari ne. Kawu mutumin da ne, kunyar ɗan fari ya riƙe ta da gaske. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai "wancan" ko "mutumin Zariya". Ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya ba. In Alhaji ya shigo gaisuwa, Kawu ya amsa yana kallon gefe, gaisuwa ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Direba ya ji labarin dutse, ɗalibaina sun ji, mai shayin tasha ya ji har ya gaji. Mutum ɗaya ne Kawu bai iya zaunar da shi ya gaya masa ba, shi ma kuma bai iya tambaya ba.

Ranar Juma'a da safe, kafin malamai su taru, na iske Alhaji a ɗakin Kawu. Ya buɗe akwati, buhu biyu a ƙasa, yana ɗaukar duwatsun da tsumma don kada hannunsa ya taɓa. Na shiga da buta na tsaya bakin ƙofa.

Na ce, "Mai ƙaton kai, ajiye."

Ya ce, "Ba ranar wasa ba ce."

Na ce, "Na sani. Amma duk gidan nan ni kaɗai ke da ikon gaya maka ba ka da hankali in kwana lafiya, don haka zauna ka ji."

Ya zauna bakin gadon mahaifinsa. Na ɗauko su ɗaya bayan ɗaya. Na nuna masa irin marmarar da ta ja mini kunya, na gaya masa labarin ban rage komai ba. Na nuna masa wani fari mai ɗigo-ɗigo da Kawu ya ɗauko a kudu wajen iyaka, na zuba masa ruwa ƙwayoyinsa suka fito manya, na ce wannan a cikin ƙasa ya huce, bai fito ba, shi ya sa ƙwayarsa ta samu lokacin girma. Na ce duk masu wannan ilimin haka suke yi, su lasa ko su sa ruwa, ni ma haka nake yi a aji. Na ɗauko baƙin daga ƙarƙashin matashin kai, inda yake kullum, na zuba masa ruwa na kai shi wajen taga. Korayen suka fito.

Ya daɗe yana kallo daga nesa. Sannan ya ce, "Na ji ta ruwa. Na yarda. Maganar fa? Sauran ba ya yi musu magana. Wanga shi kaɗai, kullum bayan ya dawo masallaci da safe, ya shafa shi bakinsa yana motsi. Ilimin naku ya ce a yi wa dutse magana?"

Na ce masa wannan ban sani ba, don ban iya yi masa ƙarya ba. Na ce a raina shi ke nan, na kayar da Kawu karo na biyu.

Ɗakin Iya yana manne da na Kawu, labule ne tsakani. Tana zaune cikin takaba, ashe duk tana ji. Ita ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa doguwar magana. Sai muka ji muryarta daga bayan labule, da ni take.

Ta ce, "Ɗiyata, gaya wa wancan. Lokacin da aka haife shi ubansa yana Abzin. Saƙo ya iske shi a bakin aiki, cikin mutane. Ɗan fari ne, ba ya iya murna a gani, ba ya iya tambayar ko yaron da wa yake kama. Sai ya duƙa ya ɗauki dutsen da ke gaban ƙafarsa ya sa aljihu. Da ya dawo, yaro ya yi wata bakwai, bai ɗauke shi ba, ba a yi. Dutsen yake ɗauka."

Muka ji ta gyara zama.

Ta ce, "Ba da dutse yake magana ba. Ni na ji shi shekara hamsin da ƴan kai. Cewa yake, Allah ka raya shi, Allah ka shirye shi, Allah ka rufa masa asiri. Ko ranar da za a kai shi asibiti sai da ya faɗa."

Ban dubi Alhaji ba, don akwai abin da ko taubashi bai kamata ya gani ba. Na zuba ido kan buta. A waje ana shimfiɗa tabarmi, wani yana tambayar inda aka ajiye goro. Can na ji tsumman da yake riƙe da shi ya faɗi ƙasa. Ya miƙo hannu, na sa masa dutsen a tafinsa. Ya riga ya bushe, ya koma baƙi kawai.

Ya ce, "Ya ake yi?"

Na ba shi butar. Ya zuba, ruwan ya bi ta hannun rigarsa ta shadda bai kula ba. Ya kai shi wajen taga kamar yadda ya ga na yi, ya tsaya nan har aka aiko ana nemansa.

Addu'ar da aka yi ranar irin wadda ake yi wa kowane dattijo Musulmi ce, ba ƙari. Da aka shafa, Alhaji da kansa ya ɗauko akwatin a ka, ya ratsa ta cikin mutane, ya ce kayan karatun tsohonsa ne, za a kai lakwal yara su amfana. Ni kuma na bi tabarmin mata da farin dutsen da buta, har tsohuwar nan mai "sai dai" na sa ta riƙe ta duba. Ta ce, "Ikon Allah," ta ƙi sakinsa.

Akwatin yana ajina yanzu. Da na duba na ga baƙin ba ya ciki, na kira Alhaji na ce bana ma ina da babin aman wuta, ya ba ni aron baƙin ko na mako ɗaya.

Ya ce, "Baiwa, zo ki ɗauka. Amma gida yake kwana."

Allah ya gafarta wa Kawu, ya sanyaya ƙasar da yake ciki, ya karɓi addu'ar da ya yi shekara hamsin yana yi wa ɗansa ba tare da ɗan ya sani ba. Yanzu ɗan ne ke tashi da safe ya yi masa tasa addu'ar.